'Yata ba ta fara rubutu a nazare ba, in sauya mata makaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta huɗu, tana aji biyu na nazare. Kullum in ta dawo sai labarin waƙa da wasa da yumɓu, ba a ba ta aikin gida, alhali ɗan maƙwabciyata, sa'anta, yana rubuta 1 zuwa 100. Shin in sauya mata makaranta? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yi gaggawar cire ta, domin abin da kika bayyana ya fi kusa da abin da ake nema a wannan mataki. Manufar ilimi ta ƙasa ta Najeriya, bugun 2013, ta ce a koyar da yaran da ba su kai firamare ba ta hanyar wasa, kuma ta ƙayyade malami ɗaya ga yara 25 a ajin nazare.

Rubutu aikin yatsu ne kafin ya zama aikin ƙwaƙwalwa, kuma yatsun ɗan shekara huɗu ba su gama ƙwari ba. Galibi yaro kan iya kwaikwayon da'ira yana ɗan shekara uku, layi biyu masu gicciye a shekara huɗu, mai kusurwa uku kuwa sai wajen shekara biyar. Mulmula yumɓu, da zura duwatsun ado a zare, da yaga takarda, da carafke idan ta ƙara tasawa, su ne ke ƙarfafa babban yatsa da manuniya har riƙon fensir ya zauna. Yaron da aka tilasta wa cika shafi tun hannunsa bai nuna ba yakan damƙe fensir kamar muciya, kuma gyara wannan riƙo daga baya yana da wuya.

Game da lissafi, ki gwada wannan a gida. Ki zube ƙwayar gyaɗa bakwai a faifai, ki ce ta ƙirga. Ki lura ko tana taɓa kowace ƙwaya sau ɗaya tana faɗin lamba ɗaya, kuma in kin tambaye ta "nawa ne ke nan?" ko za ta ce bakwai ba tare da ta koma farko ba. Sannan ki baza su, ki sake tambaya. Yara da yawa da ke rera lambobi har ɗari suna tuntuɓe a nan, saboda hadda ce suka yi, ba su gane cewa lamba adadi take nunawa ba. Ban ce ɗan maƙwabciyarki yana cikinsu ba, amma littafin da ya cika ba ya isa hujja.

Abin da ya fi nauyi a wurina shi ne harshe da zama da mutane. Yarinyar da za ta saurari tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ta maimaita miki ita da farko da tsakiya da ƙarshe, ta riga ta kama hanyar fahimtar karatu, ko da Hausa ta ba da labarin. Haka kuma jiran layi, da karɓa-karɓa wajen kayan wasa, da zuwa bayi da wanke hannu da kanta, da iya cewa "ya ƙwace mini" maimakon kai duka, duk darussa ne da malamin aji ɗaya na firamare zai dogara da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2019, ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar motsa jiki na minti 180 a rana da barcin awa 10 zuwa 13, kuma kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya.

Sai dai ba kowane wasa ne koyarwa ba, akwai inda ake sakin yara kawai malama tana danna waya. Ki nemi izini ki zauna a ajin wata safiya, ki ƙirga yaran, ki ga ko ana karanta musu littafi, kuma ki tambayi malamar abin da take so 'yarki ta iya kafin ƙarshen zango. Idan kuma baƙo ba ya gane maganar yarinyar, ko ba ta waiwayowa in an kira ta daga baya, ki kai ta asibiti a duba jinta tukuna.