Takobi mai hoton wata biyu: daga ina ya fito?

Tambaya: Na gaji wani takobi miƙaƙƙe mai kaifi biyu. A jikin ruwansa akwai jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum. Wasu sun ce na Sudan ne, wasu na Maroko. Yaya zan gane?

Amsa: Malam, fara da ƙota, alamar ta zo daga baya. Maroko dai cire ta: nimsha, takobin can, kaifi ɗaya gare ta, galibi da ɗan lanƙwasa, da ƙarfen da ke kare yatsu. Filisa, takobin mutanen Kabyle na Aljeriya, ma kaifi ɗaya ce, da dogon tsini, ba ta da abin tare hannu.

Saura biyu. Kaskara ta Sudan tana da siririn ƙarfe a gicciye tsakanin ƙota da ruwa, kan ƙotar faifai ne, kubenta kuma yana buɗewa ta wajen ƙasa. Takobin Abzinawa da na ƙasar Hausa kuwa abin tare hannunsa faffaɗa ne, an lulluɓe shi da fata ko tagulla, bakinsa a zagaye, sau da yawa da kwarmi uku a tsakiyar ruwa, na tsakiyar ya fi tsawo.

Watannin nan asalinsu tambarin maƙeran Jamus ne. A da, garin Solingen na can ya daɗe yana ƙera ruwan takobi don kasuwar Afirka, ayari na ɗauko su daga Tarabulus su ƙetaro Sahara, a yi musu ƙota da kube a nan. Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe da ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta ruwan takobi kusan 50,000 ke shigowa birnin a shekara. Da mutane suka ɗauki tambarin shaidar ƙarfe mai kyau, sai maƙeran gida suka riƙa buga shi a nasu aikin. Haka aka yi wa hoton kyarkeci mai gudu, tambarin maƙeran garin Passau na Jamus. Wato ganin wata bai isa ya ce ruwan na Turai ne ba, kuma yawancin waɗanda ake gani kwaikwayo ne.

Duba shi a hasken rana. Tambarin Turai ya nutse sosai, ido da hanci da baki sun fito tsaf. Na kwaikwayo bai yi zurfi ba, fuskar ta koma ɗige-ɗige. Bi kwarmin da yatsa: na masana'anta santsi ne, ya miƙe sak, na gida yakan ɗan karkace, da sawun magagari a ciki. Tanƙwara ruwan kaɗan ka saki. Idan ya tsaya a lanƙwashe, ƙarfen bai sha horo ba. Idan ya koma daidai, kada ka yi saurin murna, domin wanda aka ƙera da sifirin mota ma haka yake yi.

Kar ka goge tsatsa da yashi ko dutsen washi, tambarin zai tafi tare da ita. Shafa man keken ɗinki da tsumma, kuma kada man ya taɓa fatar kube.