Tumbuɗi ne ko iska ce ta cika masa ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana na fari yana da mako 7. Nono nake ba shi, sai dai da daddare ina ƙara masa madarar gwangwani a fida. Kusan duk shan da zai yi sai ya yi tumbuɗi, wani lokaci har ta hanci. Da yamma ta yi kuma sai ya kama kuka, yana naɗe ƙafafu, ciki ya yi tauri, fuska ta yi ja, yana ta tusa. Wata ta ce min iska ce, wata ta ce ƙwannafi ne irin na manya, in saya masa magani. An haife shi da kilo 3.2, makon nan aka auna shi kilo 4.6. Yaya zan gane wanne ne, kuma wane magani zan ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam maman jariri, Allah Ya raya mana shi. Abin da kika sa a ƙarshe shi zan fara ɗauka, wato awon nan. Daga kilo 3.2 zuwa 4.6 cikin mako 7, giram 200 ke nan yake ƙarawa duk mako, kuma haka ake so. Yaron da nono ba ya zama a cikinsa ba zai yi wannan cikar ba.

Tumbuɗi ba cuta ba ne a yawancin jarirai. A inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe, tana buɗewa abinci ya shiga, sannan ta tsuke. Ta jariri ba ta yi ƙwari ba, tana sakewa ko ba dalili. Ga bututun gajere, ga abincin duk ruwa, ga shi wuni yake a kwance. Kwalba ce cike, murfinta bai ɗauru ba, aka kwantar da ita. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya, a waɗanda ta fitar a 2015, ta ce aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna yin haka, yawanci suna farawa kafin mako 8, kuma 9 cikin 10 daga cikinsu suna dainawa kafin su cika shekara. Ya fi yawa wajen wata 4, saboda haka kada ki firgita idan kika ga ya ƙaru nan gaba. Idan ya fara zama, ya fara cin abinci mai kauri bayan wata 6, zai yi ta raguwa. Fitowa ta hanci ma ba wani abu ba ne, bayan hanci da maƙogwaro a haɗe suke. Yawansa kuma ido ne yake ruɗin uwa: ki zuba ruwa cokali ɗaya a kan tsumma ki ga yadda zai bazu.

Iska kuwa hanya biyu take taruwa. Akwai wadda yake haɗiya yayin tsotso ko kuka, akwai wadda ƙwayoyin halitta na cikin hanji suke fitarwa idan suna sarrafa ragowar nono. Ta farko tana makalewa a sama, sai ki ga yana cikin sha ya saki nono, yana mutsu-mutsu yana ɓata fuska. Ta biyu a ƙasa take, ita ce ta naɗe ƙafafu da tusa.

To yaya za ki raba su? Ki daina kallon kukan kansa, domin kukan jariri duk iri ɗaya ne a kunnen wadda ta gaji. Ki lura da lokacin da abin yake zuwa, da abin da yake kawar da shi. Idan iska ce, da ya yi gyatsa ko tusa za ki ga jikinsa ya saki, ya koma kan nono da marmari ko ya yi barci. Idan kuwa dawowar abinci ce take ƙona masa maƙogwaro, gyatsa ba ta raba shi da damuwar. Kwanciya bayan sha ita ce take tayar da shi, ɗaukar sa a tsaye a kafaɗa ita ce take kwantar da shi. Irin wannan yaron yakan kama nono da yunwa, ya tsotsa kaɗan, ya saki da ihu, ya banƙare baya yana kawar da kai. Yakan yi tari, muryarsa ta dusashe, ki ji yana ta haɗiye wani abu ko ba a ba shi komai ba, idan abin ya yi nisa har ya fara ƙin sha, awo ya tsaya. Ana cewa mai iska naɗewa yake ta gaba, mai ƙwannafi banƙarewa yake ta baya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni ba na yanke hukunci da shi kaɗai, don duk jaririn da kuka ya ci ƙarfinsa yana banƙarewa.

Jan fuska da nishi ma suna ruɗar iyaye. Jariri bai iya haɗa yunƙuri da sakin dubura a lokaci guda ba, sai ya yi minti 10 yana fama, a ƙarshe kashi mai laushi ya fito. Koyo yake yi. Muddin kashin da laushi, ba taurin bayan gida ba ne.

Yanzu mu dawo kan ɗanki. Da safe yana sha, yana tumbuɗi, ba ki ce yana kuka ba. Da tsamin ciki ne yake ƙona shi, me zai sa ya jira sai yamma? Abin da kika kwatanta ya fi kama da abu biyu da suka haɗu a yaro ɗaya: tumbuɗin da ba ya cutarwa, da kukan yamma na jarirai. Wannan kukan yana farawa wajen mako 2, ya kai ƙololuwa wajen mako 6, ya lafa tsakanin wata 3 zuwa 4. Tun 1954 wani likitan yara na Amurka, Morris Wessel, ya yi masa ma'auni: kuka fiye da awa 3 a rana, fiye da kwana 3 a mako, har sama da mako 3, a jikin yaro mai lafiya da ke ƙiba. Ɗanki yana daidai kan tudun. Tusar da kike ji kuma sau da yawa kukan ne ya haifar da ita, ba ita ta haifar da kukan ba.

A nan ne iyaye mata da yawa suke faɗawa wani zagaye ba su sani ba. Yaro ya yi kuka, ya haɗiyi iska. Uwa ta ce yunwa ce, ta haɗa fida. Madarar ta sauka a kan nonon da bai gama wucewa ba, ciki ya cika taf, iska ta taso ta turo madara waje. Uwa ta ga ya amayar, ta ce cikinsa ba komai, ta ƙara masa. Shi ya sa fidar nan ta dare ita ce abin da zan fara dubawa. Idan tsoron rashin isar nono ne ya sa kika fara ta, awonsa bai nuna yaron da ke kwana da yunwa ba. Idan kuma dole ce ta sa, ki kifa fidar ki gani: ɗiga ya kamata ta yi, ba zuba ba. Ki riƙe shi a ɗan zaune, kan robar cike da madara, kina tsayawa yana hutawa. Ko yaron da madara kaɗai yake sha, lissafinsa kusan mililita 150 ne a kan kowane kilo a wuni da kwana. Mai kilo 4.6 ke nan mililita 690, idan aka raba sau 8 bai kai 90 ba a sha ɗaya. Kada ki ƙara cokalin gari fiye da yadda aka rubuta a gwangwani don ta yi kauri.

Wajen shayarwa, ki tabbatar ya cika baki da nono har baƙin da ke zagaye da kan, leɓen ƙasa a waje. Jin ƙarar tsotso kamar taɓa harshe, ko kumatu suna lotsawa, alama ce iska tana shiga. Ki sa shi gyatsa a tsakiyar sha da ƙarshensa. Minti kaɗan ya isa, in ba ta zo ba ki bar shi. Ki riƙe shi a tsaye minti 20 zuwa 30 bayan sha, ban da jijjiga, ban da matse famfas a ciki. Motsa masa ƙafafu kamar mai tuƙa keke da shafa ciki a hankali suna taimakon iskar ƙasa, amma ba daga gama sha ba. A raba shi da hayaƙin sigari.

Barci kuwa rigingine, a shimfiɗa miƙaƙƙiya mai ɗan tauri, ba filo. Na san tsoron uwa shi ne kada ya shaƙe da tumbuɗi, amma jariri mai lafiya yana haɗiyewa ko ya tofar da tari. Kwanciya ruf da ciki ko a gefe ita ce ke ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya a cikin barci, ɗaga kan gado kuma yana iya sa ya zame wuyansa ya lanƙwashe.

Maganar magani, amsata a taƙaice ita ce kada ki saya. Magungunan rage tsamin ciki irin su omefirazol an gwada su a jarirai masu kuka da tumbuɗi, aka kwatanta da maganin da ba komai a cikinsa, kukan bai bambanta ba. Ba abin mamaki ba ne, tunda nonon kansa yana kashe kaifin tsamin. Ga shi kuma suna ƙara haɗarin gudawa da ciwon huhu. Ranitidin, wani maganin rage tsamin ciki da aka daɗe ana ba yara, an janye shi daga kasuwa a Amurka da Turai a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a cikinsa. Ɗigon simetikon na iska da ruwan giraif-wata ba su nuna wani amfani tabbatacce ba a gwaji. Akwai yaran da ƙwannafin ya zama musu cuta da gaske, su likita yakan gwada musu Gaviscon na jarirai mako 1 zuwa 2, ko wani maganin, amma bayan ya duba su. Ruwa da jiƙe-jiƙe ba na mai ƙasa da wata 6 ba ne, zuma kuma sai ya cika shekara.

Tunda yana shan madarar gwangwani, ki sa ido kan abu ɗaya: jikin wasu yara ba ya karɓar sinadarin gina jiki na madarar shanu. Idan ga tumbuɗi da kuka, ga ƙuraje masu ƙaiƙayi, gudawa, majina ko ɗigon jini a kashi, ki gaya wa likita. Gwajinsa cire madarar ne na mako 2 zuwa 4 a gani.

Akwai kuma abubuwan da ba a kwana da su a gida. Na farko ya shafi irin ɗanki kai tsaye, domin ya fi kama maza tsakanin mako 2 zuwa 8: tsokar mafitar tumbi ta yi kauri ta toshe hanya. Amansa ba gangarowa yake ba, feshi yake da ƙarfi har ya yi nisa, kullum ƙaruwa yake, yaron ya gama amai ya nemi nono da yunwa, fitsari ya ragu, awo ya faɗi. Ƙaramin aiki ake yi ya warke, jinkiri ne haɗarinsa. Amai kore shar kuwa ana ɗaukar sa a matsayin toshewar hanji har sai an tabbatar ba haka ba, a tafi asibiti a lokacin ko tsakar dare ne. Haka jini a amai ko a kashi, ciki ya kumbura ya ƙi saɓewa ko bayan tusa, zazzaɓi da ya kai digiri 38 a yaron da bai cika wata 3 ba, maɗiga ta kumbura ko ta lotsa, numfashi da ƙyar, leɓe ya yi shuɗi, ko ya yi laƙwas ya ƙi sha. Fitsari ma ki ƙirga, ya kamata ya jiƙa famfas kamar 6 a wuni da kwana.

Ke ma kina da haƙƙi. Ranar da kukan ya kai ki maƙura, ki miƙa shi ga wani, ko ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa ki fita minti 10 ki sha iska. Kada a girgiza jariri da ƙarfi ko sau ɗaya, yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Ki samu takarda ki rubuta na kwana 3: ƙarfe nawa ya sha, nono ko fida, mililita nawa, yaushe ya yi tumbuɗi, yaushe kuka ya fara, me ya tsayar da shi. Idan da hali ki ɗauki bidiyon banƙarewar a waya. Ki tafi da su ranar awo na gaba, ko kafin nan idan kika ga ya fara ƙin nono.