Amsa ga ƙanena mai son zuwa Jamus karatun dokokin Rum

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na ga saƙonka: ka gama digirin Shari'a, kana son zuwa nan Jamus ka yi bincike kan yadda addini da doka suka cuɗanya a daular Rum kafin zuwan Musulunci, kuma kana tambaya ko Larabcinka ya wadatar.

Larabcin jari ne babba, amma shi kaɗai ba zai kai ka ba. Kundin dokokin Sarki Tiyodosiyus na biyu, na shekarar 438, da Latin aka rubuta shi, kuma littafinsa na 16 kacokan kan addini ne: wane ne mai bin tafarki, wane ne ɗan bidi'a, me za a yi da gidajen gumaka. Kundin Sarki Jastiniyan na 529 da 534 ma Latin ne, amma yawancin dokokin da ya fitar daga baya da Girkanci suke. Jami'o'i da dama za su nemi shaidar waɗannan harsuna biyu, ga Jamusanci kuma. Ka fara Girkanci tun kana gida, kada ka jira biza.

Inda za ka fi 'yan ajinka shi ne takardun papirus na Masar, wato tsofaffin takardun da ake yi da wani tsiron bakin kogi. A wani ƙauye mai suna Afrodito an samu tarin takardun wani marubucin yarjejeniya, Diyoskoros, na ƙarni na 6: auratayya, rabon gado, koke kan haraji, sasanci tsakanin 'yan uwa. Daga ƙauyen nan dai aka samu wasiƙun Ƙurra bin Sharik, gwamnan Masar daga 709 zuwa 714, zuwa ga hakimin yankin, Kirista mai suna Basiliyos, wasu da Larabci wasu da Girkanci. Wasu daga cikin wasiƙun suna nan Jamus, a jami'ar birnin Heidelberg. Za ka ga gwamna yana matsa masa kan jizya, yana kuma umartarsa ya bi wa wani talaka haƙƙinsa na bashi. Masu iya karanta ɓangarorin biyu ba su da yawa, kuma wanda ya tashi da fiƙihu yana hango abin da wasu ke tsallakewa.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka zo da hukunci a aljihu, ko na cewa fiƙihu kwafin dokar Rum ne, ko na cewa babu abin da ya haɗa su. An daɗe ana wannan muhawara, kuma malamin da zai duba aikinka hujja daga takarda zai nema.

Batun kuɗi kuwa, ofishin jakadanci na neman ka ajiye kusan Yuro 12,000 na kashewarka ta shekara a wani asusun banki da ake kullewa. Jihar da Heidelberg take tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba, ban da masu digiri na uku. Ka nemi tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu, da wuri, ka kuma turo mini shafi biyu kan tambayar bincikenka in duba kafin ka aika wa kowane farfesa.