Kawuna Yana Son In Leƙa Masa Asusun Mutumin da Yake Bi Bashi

Assalamu alaikum Anti,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗaliba ce da na kammala ƙaramar difloma a fannin harkokin banki da kuɗi, kuma yanzu ina yin horon sanin makamar aiki na shekara guda, wanda muke kira IT, a reshen wani bankin kasuwanci da ke cikin birnin Kano, domin sai da shaidar wannan horo ake ɗaukar mutum karatun babbar difloma. An ajiye ni a teburin kula da abokan hulɗa, inda nake taimaka wa masu buɗe asusu wajen cike fom, ina duba ko sunan da ke kan BVN ya dace da na NIN, ina miƙa katin ATM ga waɗanda nasu ya fito, ina kuma yi wa dattawan da ba sa jin Turanci tafinta.

Ba a ba ni izinin shiga manhajar bankin da sunana ba, tun da ni ba ma'aikaciya ba ce. Sai dai jami'ar da nake ƙarƙashinta, wadda ta riƙe ni tamkar ƙanwarta, takan bar mini kwamfutarta a buɗe idan layi ya yi tsawo, musamman ranar Litinin da ƙarshen wata lokacin albashi, daga baya ma ta faɗa mini lambar sirrinta domin in riƙa duba wa mutane ko kuɗinsu ya shigo yayin da take wajen manaja ko ta tafi salla.

Matsalar ta taso ne daga gida. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya ɗauki nauyin karatuna tun bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ta hanyarsa na sami wannan gurbi. Yana sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, kuma akwai wani mutum da ya ɗauki kayansa bashi fiye da shekara guda, kullum yana rantsuwa cewa ba shi da ko sisi. Kawu ya gano cewa a bankinmu mutumin yake ajiya, sai ya ba ni lambar asusunsa ya ce in leƙa in faɗa masa abin da ke ciki, ba ya neman takarda, baki da baki ya ishe shi. Mahaifiyata ta goyi bayansa, tana cewa ai kallo ne kawai ba sata ba, kuma wanda ya yi mini abin da kawu ya yi bai cancanci in yi masa rowar abin da bai fi minti ɗaya ba.

Na yi ta kawo uzurin cewa na'ura ba ta aiki, amma uzurin ya ƙare, har kawu ya fara amsa gaisuwata a daƙile. Zuciyata ba ta kwanta da abin ba, amma ina tsoron a ce na yi butulci. Don Allah Anti ki ba ni shawara.

'Yarki, daga Kano

Wa alaikumus salam 'yata,

Kada ki duba wannan asusun, ko da kawunki zai yi wata guda bai amsa gaisuwarki ba. Zan faɗa miki dalili, sannan in nuna miki abin da za ki kai masa a maimakon abin da ya nema, domin mutumin da ya yi miki ɗawainiya bai kamata a sallame shi da "a'a" tsagwaronta ba.

Mahaifiyarki tana ganin kallo ba ya barin sawu, kuma ba laifinta ba ne, tun da ba ta san yadda cikin banki yake ba. Manhajar banki tana rubuta kowane motsi: sunan wanda ya shiga, asusun da ya buɗe, ranar da lokacin, da kuma kwamfutar da aka yi amfani da ita, ko da ba a taɓa ko kwabo ba. Ki yi tunanin abin da zai biyo baya. Kawunki ba zai iya haɗiye abin da ya ji ba, zai tunkari mutumin ya ce masa na san kana da kaza a banki kaza, shi kuwa washegari zai iso wurin manaja da ƙorafi. Masu binciken cikin gida za su zaro jerin waɗanda suka buɗe asusun, su ga sunan jami'ar da ta amince da ke, su koma kan kyamarar tsaro su ga wadda ke zaune a kujerar a daidai wannan lokaci. Daga nan gano dangantakarki da mai bin bashin ba zai ɗauke su yini guda ba.

Wannan ba ƙa'idar cikin gida ce kaɗai ba. Ƙa'idojin kare haƙƙin abokan hulɗa da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2019 sun wajabta wa bankuna ɓoye sirrin masu ajiya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana bayar da bayanan mutum ba tare da yardarsa ko wani dalili na doka ba, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta ɗauki shiga na'urar kwamfuta ba tare da izini ba a matsayin laifi. Ban da haka, Babban Bankin yana ajiye sunayen ma'aikatan da aka kora saboda zamba ko rashin gaskiya, kuma bankuna suna neman tantancewarsa kafin su tabbatar da sabon ma'aikaci. Ke da kike shirin yin rayuwarki a wannan fanni, abin da kike shirin sakawa a caca ya fi kuɗin shaddar nan nesa ba kusa ba, kuma za ki ja wata baiwar Allah ta rasa aikinta a kan bashin da ba ta san da zamansa ba.

Ko a addinance, abin da aka ba ki tsaro amana ne, kuma kasancewar mutumin nan mai taurin bashi ne, idan har haka ne, ba ya halatta miki tona asirinsa. Mu dai ɓangare guda muka ji.

Akwai kuma abin da ba ki tambaye ni ba, wanda a ganina ya fi maganar kawu haɗari, wato lambar sirrin da kike riƙe da ita. Aikin banki an gina shi ne a kan cewa kowa da sunansa yake shiga, wani ya shigar da ciniki wani dabam ya tabbatar da shi, domin in an sami matsala a san wanda za a tambaya. Ranar da wani kuɗi ya yi ɓatan dabo ta wannan kwamfutar, ko da hannunki bai taɓa shi ba, ke ce wadda ba ta da takardar ɗaukar aiki, ba ta da ƙungiya, ba ta da hujjar zama a kujerar, kuma an san cewa ƙaramin ƙarfi shi ake fara tattakewa. Ki sami jami'ar a keɓe, ki gode mata da yardar da ta yi miki, ki ce kina tsoron kada wani kuskurenki ya fito da sunanta, saboda haka kina roƙonta ta canza lambar a ranar. Idan reshen yana buƙatar ki riƙa duba wa mutane asusu, to shugaban sashen ayyuka ya nema miki izini da sunanki, gwargwadon abin da aka yarda mai horo ya gani. Ba sai kin kai ƙararta ba, amma kada ki sake zama a kwamfutar da aka buɗe da sunan wani.

Shi kuwa kawu, ki daina fakewa da na'ura, domin ɗan kasuwa ne, ya san uzuri idan ya ji shi, kuma wataƙila wannan ne ya fi ɓata masa rai. Ki je gidansa da kanki, ba ta waya ba, in da hali tare da wani babba da yake jin nauyinsa, ki durƙusa ki gaya masa cewa duk asusun da aka buɗe sai sunan mai buɗewa ya fito, kuma abin da zai biyo baya shi ne a kore ki, a hana ki takardar kammala horo, karatun da ya kashe wa kuɗinsa ya tsaya. Ki nuna masa kuma cewa ko ya ji adadin, ba abin da zai iya yi da shi, domin ba zai kai wa alƙali maganar da aka samo ta bayan fage ba, kuma da zarar mutumin ya farga zai kwashe kuɗin ta wayarsa kafin a yi sallar la'asar.

Hanyar da za ta fito masa da haƙƙinsa tana nan a buɗe. Ya tattara littafin da ya rubuta bashin, da rasit, da saƙonnin waya, da waɗanda aka yi cinikin a gabansu, ya fara da shugabannin kasuwa ko hukumar Hisba domin a yi sulhu a rubuta yarjejeniyar biya da sa hannun shaidu. Idan hakan ya faskara, Kano tana da kotunan ƙananan basussuka da aka kafa domin irin wannan shari'a ta ƙare cikin hanzari, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. In ya yi nasara mutumin ya ƙi biya, kotu tana da ikon umartar bankin da ya bayyana abin da ke asusun ya kuma riƙe shi har a biya bashin daga ciki. Tun da kin iya cike fom da tsara takardu, ki ce masa ke za ki zauna ranar Asabar ki jera masa shaidun bisa kwanan wata, ki rubuta masa takardar neman biya wadda ake fara aika wa wanda ake bi kafin a shigar da ƙara, sannan ki raka shi wurin magatakardan kotu ya ji kuɗin shigarwa da iyakar adadin da kotun take saurara.

Anti