Inda za ka kafa teburin POS

Ka tambaye ni, tunda za ka ci gashin kanka, ko ka kafa teburinka a bakin tasha saboda nan jama'a suka fi yawa. Ɗana, ban ba ka wannan shawara ba. Fasinja cirewa kawai yake yi, dubu biyu, dubu biyar, ya wuce. Kafin azahar tsabar hannunka ta ƙare, jarinka duk ya koma cikin asusu, ka zauna kana ba mutane haƙuri.

Nemi wurin da mai ajiya da mai cirewa suke haɗuwa. Mai shagon kayan masarufi zai kawo maka cinikinsa da yamma ka tura masa asusu, washegari da safe wannan tsabar ita za ka miƙa wa magini ko matar da ta zo cefane. Kuɗin da ke juyawa a hannunka ba tare da ka je layin banki ba, su ne riba. Da wannan lissafin bankuna ma suke zaɓar inda za su buɗe reshe, shi ya sa ka gan su jere kusa da Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari. A Dawanau kuwa, lokacin kaka, dillalin hatsi tsaba yake nema mai yawa don ya sallami manomi. Mai ƙaramin jari irinka ba zai iya da shi ba tukuna.

Kafin ka biya kuɗin haya, je ka zauna a wurin ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa. Ka ƙirga masu POS nawa ne a layin. Ka gwada sabis da na'urarka a daidai inda teburin zai tsaya, musamman bayan la'asar, lokacin da yake yawan ɗaukewa. Wannan ka yi shi da kyau, domin tun 2025 Babban Bankin Najeriya ya ce a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, yawo da ita ya ƙare.

Sai tsaro, wanda ya fi damuna. Kada ka shiga lungu don arhar haya. Bayanka ya jingina da bango, maƙwabta su san fuskarka, ka gaisa da sarkin kasuwa tun ranar farko, kuma ka tashi kafin magariba.