Ɗana mai galahanga ba ya magana, gidanmu kuma na neman watsewa

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 4, an ce galahanga ce. Ba ya magana, ba ya barci sai tsakar dare. Surukata ta dage aljanu ne, maigida ya fara biye mata. Kullum faɗa muke, na gaji.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lada. Galahanga (autism) lalura ce da ke shafar magana da mu'amala da mutane, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Daga yadda ƙwaƙwalwa ta ginu take, gado na da hannu sosai, kuma ba laifinki ba ne.

Maganar aljanun nan ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaron da ƙarar injin niƙa kaɗai ke sa shi toshe kunne, sai a kulle shi a ɗaki, a turnuƙe shi da hayaƙin barkono, ana daka masa tsawa wai aljani ya fita. Ya ƙwalla ihu don azaba, a ce ga shi ya fara magana. Wani a zane shi da bulala, wani a kai shi wanzami ya yanke masa ƙasan harshe, alhali harshen lafiyarsa ƙalau, sai zubar jini da ƙwayoyin cuta. Mai cewa kawo rago da kuɗi zai warkar da shi cikin mako guda, ɗan damfara ne, galahanga ba ta da maganin sha. Mafi muni, wasu yaran na da farfaɗiya tare da ita, a ce iska ce, a hana su maganin da zai tsayar da ita. Addu'a kam a yi ta, ba ta buƙatar duka ko hayaƙi.

Ki tafi da maigida ganin likita na gaba ya ji da kunnensa, in Hajiya ta yarda har da ita. Ki nemi gwajin ji da mai koyar da magana a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

A gida, wanka, abinci da kwanciya su zama lokaci ɗaya kullum, a ɗauke waya awa guda kafin barci. Don koya masa magana, ki riƙe kofi kusa da fuskarki, ki ce "ruwa", ki jira daƙiƙa 5, ko nuni ya yi ki ba shi. Ku raba kwana da maigida ki samu barci, kuma kada a ɗora wa yayarsa reno ita kaɗai. Idan kuka da rashin cin abinci suka wuce miki mako 2, ke ma ki ga likita.