Ga 'yar'uwar da aka ce ɗanta ba ya ɗaukar karatu

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun da asuba na ga tambayarki, na ajiye wayar na sake ɗauka ya fi sau uku. Kin ce yaronki shekararsa 5 amma bai rarrabe baƙaƙe, antinsu ta ce kansa ba ya ja, an kuma ba ki shawarar ki riƙa kai shi ɗakin karatu inda ake karanta wa yara labari, shi ne kike tambaya ko ba asarar kuɗin Napep ba ce. Wallahi kamar kin leƙo gidana shekara huɗu da suka wuce.

Nawa ɗan, na biyu, ranar karɓar sakamako aka yi mini abin da har gobe ban manta ba. Wata makarantar kuɗi ce nan cikin Katsina, ba zan faɗi suna ba. Iyaye cike da aji, ina goye da ƙanwarsa, yana riƙe da gefen hijabina. Antin ta ɗaga littafinsa sama tana juya shafi kowa na gani, ta ce, "Hajiya, wannan ɗan naki daƙiƙi ne, ku nema masa sana'a tun wuri." Yaro ɗan shekara 5 fa! Wata mata ta yi dariya. Na ji hannunsa ya saki hijabina. Har muka zo Ƙofar Ƙaura bai ce uffan ba, sai can ya ɗago kai ya ce, "Mama, mene ne daƙiƙi?" Na ce ban sani ba. A cikin Napep ɗin nan na yi kuka mai isata, mai keken yana ta ba ni haƙuri, shi a zatonsa rasuwa aka yi mini. Abin da ya fi ci mini rai, yarinyar nan ko aure ba ta yi ba, ba ta san zafin naƙuda ba, kuɗinmu ake biyanta albashi da shi, kuma da na kai ƙara wajen mai makarantar cewa ya yi ai gaskiya ɗaci gare ta. Na ce na yafe, amma Allah ya sani ko a gidan biki na hango ta sai gabana ya faɗi.

Sai kuma na zo na yi nawa laifin. Na huce a kan yaron. Kullum bayan Magariba ga bulala ga littafi, ya cika shafi da A, ya cika da B. Ya kai in ya ga na ɗauko jakar makaranta sai ya ce cikinsa ke ciwo. Don Allah in kin fara haka ki bari.

Maƙwabciyarmu ce ta cece mu, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya. Duk Asabar da hantsi ana buɗe mata ɗan ɗakin karatun wata makaranta a unguwarmu, ta shimfiɗa tabarma, yara goma sha wani abu su kewaye ta. Ranar farko na zaci allo da alli zan gani. Sai na ji ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Suka amsa, "Ta zo mu ji ta!" Na ce a raina, au, tatsuniya na biyo rana na zo ji? Surukata ma da ta ji labari cewa ta yi ko an ɗaure Gizo, tun da ba a tatsuniya da rana.

Amma ki lura da yadda take yi. Wajen yara take juya littafin, ba wajen fuskarta ba. Yatsanta na bin ƙarƙashin kalma ɗaya bayan ɗaya. In ta zo wurin daɗi sai ta tsaya cak, ta ce, "To me kuke gani Ƙoƙi za ta yi?" Kowa ya faɗi nasa, ba wanda ake ce wa ya yi kuskure. Sannan su tafa sunayensu gaɓa-gaɓa, Gi-zo tafi biyu, Ba-ya-jid-da tafi huɗu. Duka-duka bai wuce minti 20 ba, sai ta baje littattafan ta ce kowa ya ɗauka. A nan ta gano abin da antin can ba ta gani ba shekara guda cur: ɗana ta baya yake buɗe littafi, yana bin layi daga dama zuwa hagu, saboda tun yana shekara 3 yake zuwa makarantar allo, idonsa ya saba da haka. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa boko ta hagu yake farawa. Ki duba naki yau ɗin nan, ki miƙa masa littafi ki yi shiru ki gani.

Kuma da Hausa take karanta musu. Ta ce Hausa kusan yadda ake faɗi haka ake rubutawa, wasula biyar ne, yaro na kama ba, be, bi, bo, bu ya kama hanya, Turanci kuwa harafi ɗaya sai ya yi maka sauti iri-iri. Ta ce dabarar ke nan a shirin RANA da UNICEF ta kawo makarantun gwamnati a Katsina da Zamfara, a fara koya wa 'yan aji 1 zuwa 3 karatu da Hausa. Mu kuwa muna biyan kuɗi a hana 'ya'yanmu yin Hausa a aji, har da tara.

Sati uku na farko nawa bai zauna ba, yawo yake yi yana leƙen taga. Na so in daina zuwa, ta ce in ƙyale shi, kunnensa na nan. Ranar da ta karanta labarin rijiyar Kusugu ta Daura, da macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, shi ya matso har kan cinyarta yana neman hoton macijin. Muka aro littafin, na karanta masa ya fi sau 30, har na gaji da shi. In ya ce a maimaita ki maimaita, kar ki ce ai an yi jiya. Bayan kamar wata biyar muna shago ya tsaya gaban wani kwali ya haɗa "ma-da-ra" da kansa. Mai shagon bai san dalilin da na rungume shi ba.

Af, ki kai shi a duba idonsa da kunnensa, ɗiyar yayata ashe allon ne ba ta gani, an sha dukanta a banza. Wayar nan kuma ki rage masa, ni ma nan fama nake, babansu ne ke miƙa musu in yana son hutu.

In za ki je laburare ki fara tambaya ko suna da sashen yara da ranar da ake karatun, don wani wurin masu shirin JAMB ne cike, za a yi ta hararar ki in ya yi motsi. In babu kusa da ku, ku haɗu ku huɗu ko biyar a tsakar gidan ɗaya, kowa ta kawo littafi guda, ku riƙa musanya. Ina da guda shida da nawa ya wuce su, ɗaya ƙanwarsa ta cinye gefen bangon amma yana karantuwa. In kina cikin gari ki yi mini magana ta gefe in aiko miki.